Darasin Wannan Wata: Motar Lantarki a Cikin Sanyi da Kan Dutse

Malamin ajin yaƙi da jahilci na Mazanya, a ƙaramar hukumar Jibiya, ya aiko mana da takarda. Ya ce gardama ta kaure a ajinsa bayan an tashi karatu. Wani ɗalibi, direba mai jigila tsakanin Magama da Katsina, ya nuna wa 'yan aji wani bidiyo a wayarsa. A ciki ga motoci nan jere a wani gari na Amurka, farar ƙanƙara ta lulluɓe su, masu su sun yi cirko-cirko. Aka ce motocin lantarki ne, sanyi ya kashe su. Wasu ɗalibai suka ce ashe motar banza ce, hunturu ɗaya zai gama da ita. Wasu suka ce ƙarya ce, masu sayar da mai ne suka shirya. Malam ya roƙe mu mu raba gardama.

To, jama'a, abin ya faru. A watan Janairu na 2024 aka yi wani mugun sanyi a birnin Shikago. Motocin lantarki da yawa suka yi layi a wuraren caji, batir ya ƙi shan wuta da sauri, har sai da aka janye wasu da motar ja. Amma ku ji wani labarin. Akwai ƙasar da ake kira Norwe a arewacin Turai. Ƙasa ce ta duwatsu, kuma dusar ƙanƙara kan rufe ta wata da watanni. A 2024, cikin sabbin motoci goma da aka sayar a can, kusan tara na lantarki ne. Da sanyi yana kashe motar ɗungum, da mutanen Norwe ba su saye ta ba. Abin da ya bambanta su da waɗanda suka maƙale shi ne sun san halin batir, kuma suna yin lissafi kafin su tashi. Wannan lissafi shi ne darasinmu.

Me ya shafe mu?

Mutanen bakin iyaka sun fi kowa sanin wahalar mai. A watan Nuwamba na 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Jibiya da ƙauyukanta suna cikin wannan tazara. Kowa ya tuna yadda aka koma wa 'yan bumburutu da galan da kwalba. Ranar 29 ga Mayu 2023 kuma aka cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki. Kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa.

Saboda haka ne hankalin mutane ya fara komawa kan abin hawa da ba ya shan fetur. Tun a ƙarshen 2020 kamfanin Stallion ya fara haɗa motar lantarki mai suna Hyundai Kona a Legas. A 2021 hukumar tsara motoci ta ƙasa ta buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Shugaban hukumar a lokacin shi ne Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato. Shi ne ya zana siffar motar Chevrolet Volt tun yana aiki a Amurka. A Maiduguri wani matashi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan bas-bas yana sa musu batir. A Disamba 2023 gwamnatin Borno ta ƙaddamar da motocin haya masu aiki da gas da lantarki. Babura da Keke Napep masu caji su ma sun shigo kasuwa. Ba da jimawa ba dillali zai tsaya gabanka a tasha, ya ce wannan tana yin kilomita kaza da caji ɗaya. Ya kamata ka san abin da za ka tambaye shi kafin ka sayar da sa ko buhunan gero.

Yadda motar take

Motar lantarki ba ta da tankin mai. Ba ta da salansa, ba ta da fulogi, ba a yi mata juyen baƙin mai. Abubuwa biyu ne manya a jikinta. Na farko batir, wanda ke shimfiɗe a ƙarƙashinta kamar katifa. Na biyu injin da wuta ke juyawa, irin na fanka ko na famfon ban-ruwa mai sola, sai dai shi ƙato ne.

Batirin ɗan'uwan na wayarka ne. Ana yin sa da wani ma'adini da ake kira litiyam, wanda ake haƙowa har a nan Nijeriya, a jihar Nasarawa da wasu wurare. Bambancin kawai girma. Ana auna wutar da batir ke ɗauka da yunit, irin yunit ɗin da ake saye a sa wa mita. Babban batirin Kona yana ɗaukar yunit 64. Kamfanin ya rubuta cewa da wannan za ta yi kilomita 482.

Ku riƙe wannan lamba. An samo ta ne a wurin gwaji, a yanayi mai daɗi, ba sanyi ba zafi, ba lodi, ba hawa, ba yashi. Hanya kuwa ba haka take ba.

Abin da sanyi ke yi wa batir

Da farko mu san ma'aunin zafi. Ana ƙirga shi da digiri. Ruwa yana daskarewa ya zama ƙanƙara a sifiri. Yana tafasa a digiri 100. Daren hunturu a ƙasar Katsina, lokacin da muke jin ɗari muna hura wuta, ma'auni kan sauka wajen digiri 12 zuwa 15. Wato ko kusa da sifiri bai je ba. A Shikago kuwa, a waɗancan kwanaki, ya yi ƙasa da sifiri da kusan digiri 20.

Kowace mace ta san abin da ke samun manja da man shanu da safiyar hunturu. Suna yin kauri, sai an kai su rana ko kusa da murhu kafin su tsiyaya. A cikin batir ma akwai wani ruwan sinadari. Ta cikinsa ne ƙwayoyin litiyam ke kai da kawowa, wannan kai da kawowa shi ke ba da wuta. Idan sanyi ya yi tsanani ruwan yakan yi nauyi, ƙwayoyin su riƙa tafiyar hawainiya. Sai batir ya rage ƙarfi. Ya kuma rage saurin shan caji. In aka matsa masa da caji mai ƙarfi alhali ya yi sanyi ƙasa da sifiri, yana iya lalacewa. Don haka motar da kanta take ƙin karɓar wuta da yawa har sai ta ɗumama batirinta. Abin da ya tsayar da mutanen Shikago ke nan. Da yawansu sun iso wurin caji da batir mai sanyi kuma saura kaɗan ya ƙare. Cajin da aka saba yi cikin rabin awa ya koma awoyi, layi ya yi tsawo, na baya wutarsu ta ƙare suna jira.

Akwai ɓarawo na biyu, kuma ya fi na farko ɓarna. Shi ne ɗumama cikin mota. Injin fetur yana ƙona mai, yawancin ƙarfin man yana tafiya ne a zafi. Shi ya sa ake zuba ruwa a lagireto. A ƙasar sanyi direba yakan jawo wannan zafi cikin mota ya ji ɗumi kyauta. Injin lantarki ba ya yin zafi haka. In kana son ɗumi sai ka kunna hita, ita kuwa daga batir take sha. Wato abincin tafiya da abincin ɗumi a kwano ɗaya suke.

A 2019 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada motocin lantarki guda biyar. A sanyin digiri 7 ƙasa da sifiri, ba a kunna hita ba, tafiyarsu ta ragu da kashi 12 cikin ɗari. Da aka kunna hita sai ta ragu da kashi 41 cikin ɗari. Ku duba bambancin. Motar da aka rubuta wa kilomita 300 ta koma kilomita 177. Daga Katsina zuwa Kano wajen kilomita 170 ne. Da kyar za ta kai, in ta kai. Sabbin motoci sun fi waɗancan dama, domin an sa wa da yawansu wata na'urar ɗumama da ba ta cin wuta sosai. Duk da haka a Norwe, inda kowace shekara ake fitar da sabbin motoci cikin sanyi a tuƙa su har su tsaya da kansu, kusan dukkansu ba sa cika lambar da aka rubuta musu.

Kada a ɗauka motar fetur ta tsira. Ita ma tana ƙara shan mai a sanyi. Man dizal yakan yi kauri ya toshe. Mu ma nan mun sha tura mota da asubar hunturu saboda ƙaramin batirinta ya kasa.

To, yaya direbobin can suke yi? Dabararsu babba ita ce ɗumama mota tun tana jone da wuta a gida. Kafin su fita sai su kunna ɗumi na minti 20 ko 30. Wutar gida ce ta biya, batir ya tashi a cike kuma da ɗuminsa. A hanya sukan rage hita su kunna ɗumin kujera da na sitiyari, domin ɗumama jikin mutum ya fi ɗumama iskar mota duka sauƙi. Idan za su tsaya caji, sai su sanar da na'urar motar tun da nisa, ita kuma ta fara ɗumama batir kafin a isa. Sun fi son yin caji da zarar sun iso masauki, batir na da sauran ɗumin tafiya, maimakon su bari sai da safe. Kuma ba sa barin wuta ta yi ƙasa sosai kafin su nemi wurin caji.

Tuƙi a kan dusar ƙanƙara

Yawancinmu ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Ƙanƙarar da muka sani ita ce mai faɗowa kamar tsakuwa da ruwan farkon damina ta ɓata shuka. Dusa daban take. Tana saukowa a hankali, fara fat, da laushi kamar auduga, ta taru a ƙasa har ta kai gwiwa ko fiye. Idan motoci suka tattake ta, ko ta narke da rana ta sake daskarewa da dare, sai hanya ta koma kamar gilashi. Ba Turai kaɗai ake yin ta ba. Tana sauka a duwatsun Atlas na Maroko, har takan rufe hanyar da ta tashi daga Marrakesh ta haura dutse zuwa kudu. Ta sauka a garin Ain Sefra na Aljeriya, a bakin Sahara, a 2016 da 2018. Tana sauka a duwatsun Tabuka a arewacin Saudiyya.

Direban da ya saba da laka a damina ya riga ya san rabin karatun. Santsi ba ya son gaggawa. A kan ƙanƙara, nisan da mota ke yi kafin ta tsaya bayan an taka birki yana iya ninka na busasshiyar hanya sau goma. Don haka ake ba na gaba tazara mai yawa, a rage gudu tun kafin kwana, kada a fizgi sitiyari.

Motar lantarki tana da hali biyu da sai an kula da su a nan. Na ɗaya, ƙarfinta yana zuwa nan take. Da ka taɓa totur ta zabura, ba jiran giya. A kan santsi wannan yana sa taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Sai a taka a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai. Na biyu, tana da nauyi, saboda batirin kaɗai yakan kai nauyin buhun hatsi huɗu ko biyar, wani ma fiye. Nauyin yana ƙasa, wannan yana taimaka mata ta zauna daram a hanya. Amma abu mai nauyi in ya fara sulɓewa tsayar da shi aiki ne.

Taya ita ce gaba da komai. A ƙasashen sanyi ana canza tayoyi in hunturu ya zo. Robar tayar hunturu ba ta taurarewa a sanyi, zanenta kuma yana da zurfi. Wasu har da ƙananan ƙusoshi a jiki. A hawan dutse akan ɗaura wa taya sarƙa. A wasu hanyoyin kan dutse na Norwe, in guguwar dusa ta taso, ba a barin kowa ya wuce shi kaɗai. Sai a tara motoci a yi ayari, motar share hanya tana gaba suna biye. Jiran ayarin kan ɗauki awoyi. Wanda ya iso da ragowar wuta kaɗan ya shiga uku, don yana jira hita na cin batir. Shi ya sa suke tafiya da bargo da abinci da shebur a bayan mota. Abu ɗaya mai kyau shi ne motar lantarki ba ta da hayaƙi. Mai motar fetur da ya maƙale, in dusa ta toshe salansa yana ciki inji na aiki, hayaƙin na iya kashe shi. Wannan hatsari babu shi a motar lantarki.

Ana kuma watsa gishiri a hanyoyin can don ƙanƙara ta narke. Gishirin yana cin ƙarfe. Duk mai sayen tsohuwar motar da aka shigo da ita daga ƙasar sanyi, ta fetur ce ko ta lantarki, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta.

Hawa da gangara

Nan ne motar lantarki take da abin mamaki, kuma nan darasin ya zo gida, don mu ma muna da duwatsu. Katsina tana wajen mita 500 sama da teku. Jos tana wajen mita 1,200. Tsaunin Mambila a jihar Taraba ya kai mita 1,600. A Nijar, duwatsun Bagzan da ke ƙasar Agadas sun haura mita 2,000, kuma daren hunturu a can yakan kusa daskarar da ruwa.

Hawa yana cin wuta ƙwarai. Mota irin Kona da mutane da kaya a ciki ta kusa tan biyu. Ɗaga wannan nauyi sama mita 1,000 yana cin kusan yunit 6, ban da na tafiyar kanta. Wato kusan kashi ɗaya cikin goma na batirin. Akwai lamba a gaban direba mai nuna kilomitan da suka rage. A hawa za ka ga tana zubewa da sauri, kilomita ɗaya a ƙasa, uku ko huɗu a allo. Sabon direba yakan firgita. Amma ta wani gefen motar ta fi ta fetur. A kan dutse iska ba ta da kauri, injin fetur kuwa da iska yake ƙona mai, sai ya rage ƙarfi yana nishi. Injin lantarki bai damu da iska ba.

In aka juyo gangara sai labari ya canza. Da direba ya ɗaga ƙafa daga totur, tayoyi ne ke juya inji, ba inji ke juya tayoyi ba. Sai injin ya koma janareta. Yana riƙe motar kada ta kwasa da gudu, yana kuma mayar da wuta cikin batir. Masu tsohon keke mai fitilar da ke gogar taya sun san wannan: taya na juyawa, fitila na kamawa, feda kuma na ƙara nauyi. Ta haka mota takan dawo da fiye da rabin wutar da hawa ya ci. Ba ta dawo da duka. Duk wanda ya ce maka akwai motar da ke cajin kanta har abada ba sai an jona ta ba, ka riƙe kuɗinka.

Direbobin manyan motoci sun san Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, inda birki kan yi zafi ya ƙi kamawa, an yi asarar rayuka da yawa. Motar lantarki tana sauka irin wannan wuri ba tare da ta gasa birkinta ba. Amma akwai tarko, ku saurara da kyau. Tulun da ya cika ba ya karɓar ruwa. Idan ka cika batir ɗari bisa ɗari a kan dutse sannan ka kama gangara, wutar ba ta da wurin shiga. Sai injin ya daina riƙe motar, nauyinta duka ya koma kan birkin ƙafa. Haka ma in batir ya yi sanyi ƙwarai. Don haka wanda ya kwana a kan dutse ba ya cika batir, yakan tsaya wajen kashi 80. A kan ƙanƙara kuma akan rage ƙarfin wannan riƙo, domin in ya kama da ƙarfi farat ɗaya taya na iya sulɓewa.

Mu namu zafi ne

Yanzu mu amsa wa 'yan ajin Mazanya kai tsaye. Hunturunmu ba zai hana motar lantarki tashi ba. Digiri 12 ko 15 ba komai ba ne wurin batir. Abin da ya fi so shi ne tsakanin digiri 15 da 35. Abokin gabarsa a ƙasarmu shi ne bazara, watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40.

A wancan gwaji na 2019, a zafin digiri 35 da na'urar sanyaya mota a kunne, tafiya ta ragu da kashi 17 cikin ɗari. Wato kilomita 482 sun koma 400. Wannan da sauƙi. Babbar illar ita ce wadda ba a gani. Sanyi aron ƙarfin batir yake yi, in gari ya yi ɗumi ya mayar. Zafi kuwa tsufar da shi yake yi, abin da ya ci ba ya dawowa. Kun ga yadda batirin wayar da ake bari a rana yake kumbura. Manyan motoci da yawa suna da ruwan da ke zagaya batir yana sanyaya shi. Yawancin babura da Keke Napep ba su da shi, kuma su ne za su fi yawa a wajenmu.

Saboda haka a ajiye abin hawa a inuwa. Kada a jona caji da tsakar rana an dawo daga doguwar tafiya batir na zafi, a bari ya huce. Kada a bar shi a cike taf kwana da kwanaki cikin zafi, kada kuma a riƙa shanye shi ƙarƙaf. A yi amfani da cajarsa ta asali. Kada a yi cajin babur a ɗakin da ake kwana ko kusa da rumbu da danga, domin wutar batir in ta kama tana da wuyar kashewa. Batirin da ya kumbura ko yake wari, a fitar da shi fili nesa da mutane.

Yashi shi ne dusar ƙanƙararmu. Hanyoyin ƙauyukan Jibiya da na tsallaken iyaka wajen Ɗan Isa da Madarunfa duk rairayi ne. Tafiya cikinsa tana cin wuta fiye da kan kwalta nesa ba kusa ba, totur mai zabura kuma yana haƙa rami taya ta nutse. Lodi ma haka, gudu ma haka. Babur ɗin da aka gwada da mutum ɗaya, in ka ɗora masa mutum uku da buhu ranar kasuwar Jibiya, kada ka jira lambar takarda. Tunda batir a ƙasa yake, a kula da dutse da kututture. Kada a kutsa cikin rafi in ya kawo ruwa. Wayoyin da ke da launin ruwan lemo a jikin motar suna ɗauke da wuta mai ƙarfin da ya kusa ninka ta gida biyu, tana kisa nan take. Bakaniken da bai koyi aikinta ba kada ya taɓa su. Sannan motar ba ta da ƙara. Yara da awaki da makafi ba sa jin zuwanta. A cikin gari da hazon hunturu sai a rage gudu, a kunna fitila, a yi oda.

Saura babbar tambaya, wadda a ganina ta fi ta sanyi nauyi: ina za a sami wutar? Cika batir mai yunit 64 da na'urar caji ta gida yana ɗaukar fiye da awa tara, in wuta ta tsaya ba ɗaukewa. Ƙaramin janaretan shago, ko da motar ta yarda ta sha daga gare shi, sai ya yi kwana uku yana aiki, ga shi fetur yake sha. Farantin sola mai wat 300 yana ba da wajen yunit ɗaya da rabi a yini. Sai an haɗa 40 ko fiye kafin a cika motar a rana guda. Ƙurar hunturu kuma tana rufe faranti ta rage masa ƙarfi, sai ana gogewa. Batirin babur ƙarami ne ƙwarai, 'yan faranti kaɗan sun ishe shi. Shi ya sa nake ganin babur da Keke Napep za su riga mota isowa Mazanya. Kafin ka saya, ka tambayi dillali yunit nawa batirin ke ɗauka, shekararsa nawa, nawa ne sabo in wannan ya mutu, kuma wa ke gyara a Katsina ko Maraɗi. In ya yarda, ku hau tare da lodin da ka saba ɗauka, ku bi hanyar da ka saba bi, ka ga abin da ya rage da idonka.

Aikin aji

Malamai su rubuta wannan a allo, kowane ɗalibi ya yi a littafinsa.

An rubuta wa wani babur mai caji kilomita 100. Saboda zafi da lodi da yashi, mu ɗauka ya rasa kashi 30 cikin ɗari. Mai shi kuma ba ya son wuta ta yi ƙasa da abin da zai kai shi kilomita 15, saboda tsaro. Kilomita nawa zai iya yi? Daga Jibiya zuwa Katsina kilomita 40 ne da 'yan kai. Zai iya zuwa ya dawo bai yi caji a Katsina ba?

Wani direba ya kwana a Jos, da safe zai gangara ta Hawan Kibo. Yaron masauki ya ce bari ya cika masa batir taf. Me ya kamata direban ya ce masa, kuma don me?

Ajin da ya gama ya ba malaminsa amsa, a aiko mana ta hannun jami'in yaƙi da jahilci na ƙaramar hukuma kafin fitowa ta gaba.